Bashin Manat Ɗari Uku

Ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, bayan la'asar, bama-bamai suka fara tashi a Kano. Ina aji huɗu na sakandare a lokacin. Ni da ƙannena muka shige ƙarƙashin gado, Umma tana tsakar ɗaki tana ta salati, Abba kuma yana Kantin Kwari, bai iso gida ba sai tsakar dare, a ƙafa, takalmi ɗaya a hannu. Sama da mutum 180 aka rasa a wannan rana. Tun daga nan na ƙudurce a raina cewa duk ranar da na samu ƙofa, zan tafi inda ba a jin ƙarar bindiga.

Ƙofar ta buɗe a 2016. Abba ya yi lissafi ya ga Ingila ta fi ƙarfinsa, ga naira tana ta faɗuwa, sai wani abokin cinikinsa ya ba shi labarin Azarbaijan: ƙasar Musulmi, ga man fetur, kuɗin makaranta da sauƙi. Ni ko a taswira ban san inda take ba. Na bi ta Istanbul na sauka Baku, babban birnin ƙasar, a watan Satumba, iska tana neman ɗauke ni da akwatina.

Ɗakin da na kama yana kusa da wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake kira "20 Yanwar". Sati na biyu ina tsaye ina ƙoƙarin karanta allon tashar, wani saurayi siriri mai manyan kunnuwa ya matso, da ɗan guntun Turancinsa, ya tambaye ni ko na ɓata. Na ce a'a, sunan nake son sani. Ya ce 20 ga Janairu ke nan, daren da sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo Baku da tankoki a 1990 suka kashe mutane fiye da ɗari. Na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Na gudo daga 20 ga Janairu, ga ni na kama haya a 20 ga Janairu. Da na ba shi labarin tamu, sai ya yi shiru, ya kama hannuna ya ce mu je mu sha shayi.

Ba zan faɗi sunansa ba. Shi "kardash" yake ce mini, wato ɗan'uwa, ni ma haka nake ce masa. Sa'ana ne, 1997 aka haife mu, amma ya riga ni shiga jami'a, kuma tsangayarmu ɗaya.

Gidansu ba gida ba ne. Tsohon ɗakin kwanan ɗalibai ne da aka zuba 'yan gudun hijira a ciki tun farkon shekarun 1990, kowane iyali ɗaki ɗaya, labule ya raba wurin kwana da wurin zama, murhu a baranda, banɗaki na kowa da kowa. Iyayensa daga wani ƙauye suke a gundumar Fuzuli, sun fito a watan Agusta na 1993 da sojojin Armeniya suka kama yankin. A wannan ɗakin aka haife shi. Bai taɓa taka Fuzuli ba, amma ka tambaye shi ɗan ina ne, ba zai ce Baku ba. Ya san wace gona ce ke maƙwabtaka da tasu, ya san inda rijiya take, ya san bishiyar da ke ƙofar gida, duk daga bakin kakarsa. Da tsohuwar ta rasu a 2017, na ji ana cewa an binne ta a matsayin "amanat". Kalmar ba ta buƙaci fassara a wurina ba. Sun ba ƙasar Baku amanarta ne, kafin ranar da za a mayar da ita kusa da mijinta.

Mahaifiyarsa nake kira Hala, yadda suke kiran 'yar'uwar uwa, mahaifinsa kuma Dayi, wato kawu. Ita "balam" take ce mini, ɗana. Shekara huɗu na yi ina cin dolma, ganyen inabi da ake naɗe nama a ciki, da shinkafarta. Ranar da na kai musu yajin ƙuli da Umma ta aiko, kardash ya zuba cokali guda a baki don nuna jarumta, ya yi ta hawaye yana zagaye baranda, maƙwabta suna dariya. Daga ranar duk abin da ya dame shi sai ya ce "wahala", ita ce kalmar Hausar da ta fi zama a bakinsa. Yana gyaran waya a wani ɗan shago bayan lacca. Yana tsoron allura, tsoro na gaske, na taɓa raka shi a ɗebi jininsa ya sulale ƙasa. Ina faɗar waɗannan ne saboda ba za ka same su a jikin allon da aka kafa masa ba.

Akwai abin da ya riƙa sosa mini rai game da shi, kuma gara in faɗa tun yanzu. Bai damu da sallah ba. Kakarsa tana yi, tana ɗora goshi a kan ɗan dunƙulen yumɓu kamar yadda 'yan Shi'a ke yi, shi kuwa sai ranar da ya ga dama. Shekara saba'in na mulkin Sobiyet ba wasa ba ne, da yawansu haka suka taso. Ni da na fito daga Islamiyya da allo, na ɗauki kaina malaminsa. Ina yi masa wa'azi, yana zuba mini shayi a ɗan kofin nan nasu mai siririn ƙugu, yana cewa, "Ka yi mini addu'a, kardash, kai ka fi kusa."

A hunturun 2018 kasuwa ta juya wa Abba baya. Kuɗin makaranta bai zo cikakke ba, aka ba ni wa'adi, kuma izinin zamana a ƙasar a jikin rajistar makaranta yake rataye. Na tattara duk abin da nake da shi, saura manat ɗari uku, kuɗin ƙasar, kafin ya cika. Ban gaya wa kowa ba, amma ya gani a fuskata. Washegari ya turo mini ambulan a ƙarƙashin littafi. Na san kuɗin mene ne, don ya sha nuna mini hoton zoben da yake tarin saya wa wata yarinya 'yar ajinsu. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce, "In ka zama ministan mai a ƙasarku ka biya ni da riba." Na karɓa, na ce wata uku. Wata uku suka zama shekara biyu, shi bai tambaya ba, ni kuma kullum ina cewa gobe.

Ya gama digiri a 2019. A can kowane namiji sai ya yi aikin soja na dole, wata goma sha takwas, mai digiri kuma shekara ɗaya. Ya tafi a Yuli, ya dawo a Yulin 2020, ana tsakiyar korona, lokacin da sai ka tura saƙon waya an ba ka izini kafin ka fita daga gida. Kwanaki kaɗan da dawowarsa aka gwabza da Armeniya a kan iyaka wajen Tobuz, aka kashe wani janar, Polad Hashimob, ranar 14 ga wata. A daren dubban mutane suka cika titunan Baku suna neman a tafi yaƙi. Na leƙa ta taga na ji cikina ya ɗuri ruwa. Na san wannan iskar.

A ƙarshen Satumba aka kira shi cikin sojojin ko-ta-kwana. Ya zo ɗakina da daddare da 'yar jaka a kafaɗa. Na dafa shayi. Da farko lallashi na fara, na ce ya nemi takardar likita, na ce shi kaɗai ne namiji a gidansu. Ya ce kowa ma ɗan wani ne. Na ce ƙasar da ko a mafarki bai san kamanninta ba, a kanta zai ba da ransa? Ya ce, "Kana tsammani ba na jin tsoro? Tun jiya ban ci abinci ba. Amma kakata tana kwance a ƙasar aro." Nan raina ya ɓaci, tsoro ya rikiɗe ya zama fushi, na faɗi maganar da har gobe nake jin ɗacinta a harshena. Na ce masa kada ya ruɗi kansa da kalmar shahada, wanda ko sallah bai tsayar ba, in ya mutu a kan turɓaya, a kan turɓaya ya mutu.

Bai ce komai ba. Ya shanye shayinsa, ya wanke kofin, ya kife shi, ya ɗauki jakarsa. A al'adarsu in mutum zai yi tafiya ana watsa ruwa a bayansa, don ya tafi ya dawo lafiya kamar ruwa. A tamu al'adar ko baƙon da ba ka so kana taka masa zuwa zaure. Ni ko daga kan kujera ban tashi ba.

Ranar Lahadi 27 ga Satumba yaƙi ya ɓarke tsakanin Azarbaijan da Armeniya a kan yankin Karabak da gundumomin da ke kewaye da shi, har da Fuzuli. Aka sa dokar hana fita daga ƙarfe tara na dare, intanet ta koma tafiyar hawainiya, WhatsApp sai da dabara. Umma in ta same ni sai kuka, in dawo gida, alhali ba jirgi ba kuɗi. Kusan kowace yamma shugaban ƙasa Ilham Aliyeb yana sanar da sunayen ƙauyukan da aka karɓo, mutane suna fitowa baranda suna tafi. Adadin sojojin da suka mutu kuwa gwamnati ta ce sai bayan yaƙi. Don haka da ido muke ƙirga: yau an rataya tuta a ƙofar wancan bene, gobe an kafa rumfar makoki a wancan lungu.

Sau ɗaya ya kira ni, da wayar wani, wajen tsakiyar Oktoba. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Ya ce maganin hawan jinin Hala ya kusa ƙarewa, Dayi kuma mantuwa gare shi, in taimaka in saya. Na ce to. Ya ce, "A nan akwai wahala, kardash," ya yi 'yar dariya. Kalmar "ka yafe mini" tana bakina, na ce bari ya gama magana tukuna. Layin ya katse.

Ranar 17 ga Oktoba muka wayi gari da labarin makami mai linzami ya sake faɗawa kan gidajen mutane a birnin Ganja na Azarbaijan cikin dare. A ranar kuma aka sanar an karɓo birnin Fuzuli. Ina gidansu na kai maganin. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba: tsofaffin da suka shekara ashirin da bakwai a ɗaki ɗaya suka fito baranda, wasu na kuka, wasu na sujada. Dayi, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya buɗe hannuwa yana rawa, yana cewa ɗansa ne ya buɗe masa hanyar gida. Bayan kwana uku motar sojoji ta tsaya a ƙofar ginin. Da aka duba ranar da ke jikin takardar, kwana biyu ke nan da rasuwarsa a lokacin da mahaifinsa yake wannan rawa. Shekararsa ashirin da uku.

An kawo shi cikin akwati a rufe, an lulluɓe da tuta, ba a bari an buɗe ba. Aka ɗaura jan ƙyalle a jiki, alamar saurayin da bai yi aure ba. Jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa, unguwa ta cika, babu wanda ya tuna da korona, ana ta amsa kirari ɗaya da yarensu, ma'anarsa shahidai ba sa mutuwa, ƙasa ba ta rabuwa. Mai gaisuwa zai ce Allah ya bar ku da rai, uban mamaci ya amsa da cewa Allah ya bar ƙasa da rai. Dayi ya yi ta maimaita wannan amsa ga ɗaruruwan mutane, idonsa a bushe, kamar wanda aka ɗaura wa waya. Ban ji Hala ta faɗe ta ko sau ɗaya ba.

Zaman makokinsu kamar namu, akwai uku, akwai bakwai, akwai arba'in, sai ƙarin kowane daren Juma'a, ana raba shayi da alewar gari. Na je uku, na je bakwai. Daga nan ƙafata ta ƙi.

Ranar 8 ga Nuwamba aka ce an karɓo birnin Shusha da ke Karabak, ranar 10 aka tsagaita wuta da sa hannun Rasha, kwana arba'in da huɗu cif. Baku ta kwana tana hon da wasan wuta. Ni na rufe taga na shige bargo, domin kunnena bai iya bambanta wannan ƙara da ta Kano ba. A farkon Disamba aka fitar da adadi, soja 2,783, daga baya ya ƙaru ya kai wajen dubu uku. Na tsaya ina kallon lambar ina tunanin da an cire ɗaya, da babu wanda zai lura sai mu.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Darasi ta intanet ake yi, na daina shiga. Barci ya ƙaurace mini, in na rufe ido sai in ga kofin nan a kife. Ina kwana biyu ban ci abin kirki ba, na rame har wandona yana zamewa. Sallar da nake taƙama da ita ta koma sai na haɗa uku a lokaci ɗaya, wata rana ma ta wuce ni. Na faɗi jarrabawar zangon gaba ɗaya, a shekarar da ya kamata in gama. Umma in ta kira sai in gyara murya in ce komai lafiya. Ban san sunan abin da ke damuna ba, a gida da an ce aljanu ne ko sammu. Wani ɗan Gana da muke bene ɗaya shi ya fara ce mini wannan ciwo ne, kuma likita yana da abin yi a kai. Na ƙi ji a lokacin, sai daga baya.

Wata biyu ban taka gidansu ba. Ran nan cikin sanyin Janairu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hala ce, cikin baƙaƙen kaya, ta hau bene hawa biyar da hawan jininta, riƙe da tukunya a naɗe cikin tawul. Ta dubi ɗakin, ta dube ni, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Balam, na rasa ɗaya, kai ma so kake in rasa ka?" Ta ce malamin da ke zuwa karatu sauri yake yi kamar ana korarsa, ita kuwa ta sha jin karatuna ta bayan labule. Tana so in riƙa zuwa duk daren Juma'a ina karanta wa ɗanta Yasin.

Na ce ban cancanta ba. Na gaya mata abin da na faɗa masa, kalma bayan kalma, ina jira ta tashi ta fita. Ta daɗe tana kallon hannuwanta. Sannan ta ce a daren da zai tafi, ita kwanciya ta yi a bakin ƙofa, ta ce masa in ya tsallake ta ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Ya durƙusa ya sumbaci ƙafarta, ya tsallake. Ta bi shi da ruwa ta watsa, amma maganar ba ta janye ba, tana cewa sai ya dawo. "'Yan talabijin sun zo," in ji ta, "na ce musu ina alfahari. Wannan kuwa kai kaɗai na gaya wa." Muka zauna mu biyu muka yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Bayan nan ta buɗe tukunyar ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Haka na fara zuwa. Ranar farko muryata tana rawa, na yi tuntuɓe a ayoyin da na haddace tun ina ɗan shekara tara. A hankali karatun ya dawo, sallar ta dawo, barci ya fara zuwa. Na je wurin likita kamar yadda ɗan Gana ya nace. Na kira Abba na gaya masa gaskiya cewa na faɗi, sai na maimaita shekara. Ya yi shiru, ya ce, "Kana da rai dai ko?" Na ce ina da shi. Ya ce to sauran mai sauƙi ne.

A ɗaya daga cikin waɗannan darare wani saurayi ya zo da sanduna biyu, ƙafarsa ta hagu babu daga gwiwa. Tare suke da kardash a fagen yaƙi. Ya ce kafin su shiga, kardash ya yi amai sau biyu don tsoro, hannunsa na karkarwa har ya kasa ɗaure hular ƙarfe. Da aka harbi wannan saurayi, kardash ne ya goyo shi ya sauko da shi inda motar asibiti za ta iya isowa. Ya ajiye shi, ya koma ɗauko na biyu, harsashin igwa ya same su a hanya. An ba shi lambobin yabo bayan rasuwarsa, an kafa allo da hotonsa a makarantar da ya yi, cikin kaki, an gyara fuskar ta yi tsauri, har kunnuwan kamar an rage su. Yara suna tsayawa a gaba suna rera abin da aka koya musu. Ba na musun jarumtarsa, ni da na san wanda allura ke sumar da shi na fi su sanin nauyin abin da ya yi. Sai dai mutumin da ke jikin allon ban san shi ba.

Kafin in taho a 2022 na haɗa manat ɗari uku na kai wa Dayi. Ya buɗe ambulan, ya rufe, ya mayar mini a aljihu da hannunsa. Ya ce ɗansa bai taɓa gaya musu ba, kuma abin da ɗansa ya bayar shi ba zai karɓe ba. Da na dawo Kano na je wurin malaminmu na Islamiyya da tambaya biyu. A kan bashin ya ce tunda magada sun yafe, ya sauka, in kuma zuciyata ba ta kwanta ba in yi sadaka da kwatankwacinsa da sunan mamacin. Na yi. A kan ɗaya tambayar, ko abokina shahidi ne, sai ya dube ni ya ce, "Kai aka ba mabuɗin? Ka yi masa addu'a, ka bar wa Mai shi hukuncinsa."

A Satumban 2023 ina zaune a shagon Abba na ga hotuna a waya: motoci jere a kan hanyar dutse, katifu a ɗaure a sama, Armeniyawa sama da dubu ɗari suna barin Karabak cikin 'yan kwanaki. Wata tsohuwa a bayan mota rungume da tukunya. Sak yadda Hala take ba ni labarin fitowarsu a 1993. Na taɓa ganin hotunan maƙabartar sojojinsu ma, yara 'yan sha takwas, sha tara. Ban faɗa wa Dayi wannan ba, ba ni da bakin faɗa masa. Amma na kasa yin murna a ranar, kuma ban ga laifin kaina ba.

Dayi ya samu izini ya je ƙauyensu sau ɗaya. Ya turo mini bidiyo: ciyawa har ƙugu, ragowar bango bai wuce gwiwa ba, jajayen alluna a gefen hanya suna gargaɗin nakiya, sai bishiyar ƙofar gida, ita tana nan. Ya ɗebo ƙasar wurin a leda ya zuba a kan kabarin ɗansa. Kakar har yanzu tana Baku a matsayin amana. Duk daren Juma'a nakan karanta Yasin in tura wa Hala ta WhatsApp, ita kuma ta turo mini muryarta tana tambayar ko na yi ƙiba, ko an samo mini mata.

Takardun nan uku suna ƙasan akwatina cikin ambulan ɗinsu. Kwanaki Umma tana gyara mini kaya ta gan su, ta ce in kai Wapa mana a canza, kada su lalace a banza. Na ce mata 'yan canji ba sa karɓar irin wannan kuɗin. Ban taɓa kai musu na gwada ba.